Gidan gado ne a Danbare, sun sa miliyan 32, daga nawa zan taya kuma ya zan yi da ciko?

Abu_Hanan

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidaje a Kano. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, haya nake tun da nai aure, yanzu yara sun fara girma ga kuɗin haya duk shekara sai an ƙara, shine wani dillali ya nuna min gida a Danbare ta wajen sabuwar BUK, ba bakin titin Gwarzo ba sai an shiga ciki sosai amma mota tana zuwa har ƙofa. Filin ƙafa 50 da 50 ne, ɗaki uku da falo da kicin da banɗaki biyu, sai shago ɗaya a waje, akwai rijiya babu bohol. Gidan gado ne, mai shi ya rasu 'ya'yan suke so su sayar su raba. Dillali yace sun sa miliyan 32 kuma wai akwai wani Alhaji da ya taya 29 aka ce masa albarka, in dai ina so in yi sauri in kawo kafin alƙalami ko miliyan 2 ne a riƙe min kafin Juma'a.

Abin da ke hannuna miliyan 21 ne, sai wani fili da nake da shi a Janguza da nake sa ran zai yi 7 ko 8 amma ban samu mai saye ba tukuna. Takardar gidan kuma ta awon igiya ce, wato ba gwamnati ce ta yanka filin ba, sa hannun mai unguwa da dagaci kawai, babu C of O, wato takardar shaidar gwamnati a kan fili. Sannan akwai 'yan haya a ciki, na shagon ma ance bai daɗe da biyan shekara ba.

To tambayata daga nawa ake fara tayawa ba tare da an ɓata wa mutane rai ba, kuma ana yarda a gidan gado mutum ya bada wani kaso a sa masa wa'adin ciko? Kafin alƙalamin nan in na bayar ciniki bai faɗa ba zai dawo min? La'ada wa yake biya, ni ko su, su kuma 'yan haya wa zai fitar da su? Wlh gidan ya kwanta min a rai don kusa da makarantar yara ne, amma kuɗin nan gumina ne na shekaru, bana son in sa shi inda zan zo ina zaryar kotu.

Baba_Dillali

Wa alaikumus salam. Alhaji ni dillanci ne sana'ata, a kan gida da fili na tashi, don haka zan faɗa maka yadda abin yake daga ciki ko da wasu 'yan uwana ba za su ji daɗi ba.

Farko ka tambayi wanda ya kai ka, gidan nan a hannunka yake ko kaima ji kai? Domin sau da yawa gida ɗaya dillali huɗu ko biyar ne a kansa, na farko shi ya karɓo daga bakin masu gida, ace sun ce masa in an samu 27 a sallama, shi sai ya gaya wa na biyu 28, na biyu ya gaya wa na uku 30, kafin ya iso kunnenka ya zama 32, kowa da ɗorinsa banda la'adar da za su zo su zauna a raba da su. Ba kowa ke haka ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinmu, amma maganin abin ɗaya ne, kace kai sai ka zauna da masu gida ido da ido kuma a gaban shi dillalin, ba zagaye shi za kai ba haƙƙinsa yana nan. In ya fara kwana-kwana yana cewa ai babban yayan baya gari wayarsa bata shiga, to ka gane akwai ɗori. Maganar Alhajin da ya taya 29 ma a wannan zaman za ka tambaye su da bakinka, ƙila da gaske ne ƙila babu shi a duniya, shi kuwa "kafin Juma'a" duk mai saye an taɓa gaya masa.

Kafin ka taya ka raba lissafin biyu, ƙasa daban gini daban. Ka shiga layin ba tare da dillali ba ka tambayi mai shago ko mai shayi ko limamin masallacin unguwar, fili 50 da 50 na ƙarshe da aka sayar a nan nawa ya tashi, ba wanda aka sa wa kuɗi ba, wanda aka biya. Sannan ka ɗauko magininka wanda ka yarda da shi ku zagaya gidan da rana tsaka. Ku duba gindin bango ta ciki da waje, in an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai to damshi ake rufewa, ka sa farce ka kankare za ka ga gishiri yana zuba. Ku ɗaga kai ku kalli silin ko akwai tabon yoyo, ku buɗe sokawe, ku ƙwanƙwasa tayil. Kuma ka kalli ƙofofin maƙwabta, idan ka ga kowa ya ɗaga bakin ƙofarsa da bulo biyu ko uku sai an hau an sauka kafin a shiga soro, ba ado sukai ba, ruwan Agusta ne yake shiga musu. Duk abin da magini ya ƙiyasta na gyara shine hujjarka a wurin ciniki, kaga ba cewa kawai za kai a rage min ba, cewa za kai kwano sai an canja rabi, sokawe sai an sake, ga abin da zai ci.

Taya kuma, a irin wannan ni zan ce ka fara daga 24 ko 25. In ka ce 18 sun ɗauke ka ba mai saye ba ne, ba za su ƙara zama da kai ba, in kuma ka fara da 28 ka rufe wa kanka ƙofa. Za su ce albarka, ba komai, albarka ba kora ba ce, ka yi godiya ka tashi ka bar lambarka, in za ka ƙara ka ƙara da kaɗan kaɗan kar ka yi tsalle. Kada ka gaya wa dillali nawa ke hannunka, kuma kada ka kai uwargida ganin gida sai magana ta yi nisa, don in ta shiga ta fara cewa nan za'a sa kujeru nan ɗakin yara, shikenan dillali ya gama karanta ku.

Amma gaskiya guda, bazai yiwu ka nemi ragi mai yawa kuma ka nemi lokaci ba, ɗaya ake samu. Mai kuɗi a hannu shi ake wa ragi. Sai dai ka gwada sa musu filin Janguza a cikin ciniki, a ƙiyasta shi ka cika da kuɗi, ana yi sosai, wani lokacin a cikin magada akwai mai son fili a madadin kasonsa. La'ada abin da aka saba ji kashi 5 cikin 100 ne, amma a kuɗi mai yawa ana zama a daidaita, kuma a faɗi wanda zai biya tun kafin a ce an sallama.

Sadiq_Hotoro

Ni dai a ganina miliyan 32 a awon igiya yayi yawa wlh, da ni ne gara in gina filina na Janguza a hankali da 21 ɗin nan ko ba'a gama ba in shiga. Ko kuma ka gwada bankin Jaiz ko Taj tunda su babu ruwa su cika maka ka huta da rigimar wa'adi.

Barista_Kn

Malam Sadiq banki ko wanne ne, har da lamunin NHF, asusun gidaje na ƙasa na ma'aikata, takardar gwamnati suke nema kafin su sa kuɗinsu a gida, da takardar mai unguwa ba za su saurare shi ba.

Alhaji Abu Hanan, Baba ya gama maka maganar farashi, sai dai ni zan sa wani abu a gabanta. Kafin nawa, ka fara sanin wa yake sayarwa. A gidan gado babban yaya ba shi ne mai gida ba, kasonsa kawai ya mallaka, kuma mafi yawan shari'un gida da muke gani ba a kan kuɗi aka saɓa ba, wani magaji ne yake fitowa bayan shekara biyu yace shi ba da saninsa aka sayar ba. Ka tambaya an raba gadon ko ba'a raba ba, a kotun shari'a ko a gida, in a kotu ne a nuna maka takardar rabon da sunayen magada. In ba'a je kotu ba ka sa a rubuto maka su duka, matan mamacin, 'ya'ya mata da ke gidajen aurensu, wanda ke wata ƙasa, iyayen mamacin in suna raye, sannan ka tabbatar da jerin a wurin mai unguwa da wani dattijo a dangin wanda bashi da kaso. Ka tambaya ko ana bin mamacin bashi ko ya taɓa jinginar da gidan, domin bashi da wasiyya suna gaba da rabo.

Takarda kuma, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙewa haƙƙin zama ne, shi yasa C of O yawanci shekara 99 ake rubutawa, kuma mai ita ma in zai sayar sai da amincewar gwamna. Takardar mai unguwa da dagaci shaida ce cewa an yi ciniki a gaban mutane, tana da amfani sosai amma ba ita ce shaidar gwamnati ba. Unguwanni da yawa a Kano a kan awon igiya suke zaune don haka ba cewa nake kar ka saya ba, cewa nake kar ka yi cinikin biri a sama. Ka ga takardun asali ba hoto ba, tun daga mai gonar da aka yanka har zuwa hannun mamacin. Ka biya safiyo ya ɗauki ma'aunin wurin a je KANGIS, hukumar taswira da bayanan filaye ta Kano, da Ma'aikatar Ƙasa a duba ko ya faɗa cikin shatar gwamnati ko hanyar da za'a fitar, a leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, a duba ko babbar wayar wuta ta bi ta kusa. Duk wanda ya ga rusau ɗin watan Yunin 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula ya san asalin fili ba abin wasa ba ne. Kuma rashin C of O ɗin nan hujjar neman ragi ce mai ƙarfi, don wahala da kuɗin nemanta a kanka za su faɗo.

Kafin alƙalami kada ka ba dillali, ko sisi. In za'a bayar sai an yi tsada an tsaya a kan kuɗi, a rubuta cewa an karɓi kaza daga cikin kaza, an baka kwana kaza ka yi bincike, in bincike ya nuna matsala a takarda ko wani magaji ya ƙi sa hannu za'a dawo maka da kuɗinka cif cikin kwana kaza, kuma a wannan tsakanin ba za su karɓi tayin wani ba. Miliyan 2 ma ta yi yawa, dubu 500 ta isa ta nuna da gaske kake.

Wa'adin ciko ana yi, amma nan ne mutane suke ƙonewa. A rubuta ranar da wata da shekara, ba "in na sayar da fili" ba. Ka sa wa'adin da ya fi wanda kake zato tsawo don fili baya saiduwa ranar da mai shi yake so. A rubuta abin da zai faru in ranar ta zo baka cika ba, misali ƙarin wata ɗaya, in ya wuce a warware su dawo maka da kuɗinka, kuma a faɗi yaushe, domin in sun riga sun raba miliyan 21 kowa ya shiga hidimarsa da ita wa za ka kama? Shi yasa nake son ranar da ka bada babban kason a baka mukulli, takardun asali kuma a ajiye a hannun lauya ko wani amintacce da ku duka kuka yarda da shi har ka cika. Kuma ta banki za ka biya, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta banki ba, ka tura asusun da duk magada suka sa hannu cewa shi suka yarda da shi, ka rubuta dalilin turawar, ka adana rasit.

'Yan haya kuwa sayar da gida baya kashe hayarsu. Mai hayar shekara in babu wata yarjejeniya a rubuce notis ɗin wata 6 ne, bayansa na kwana 7, in bai tashi ba sai kotu. To ko dai su magada su sallami na cikin gidan kafin ka bada ciko, ko ka karɓe su a cire maka kuɗin watannin da suka rage daga cikin farashi. Ka ɗauki lambar mita kaje ofishin KEDCO ka ga ko akwai bashin wuta, shima a cire.

Maman_Ilham

Slm. Ni ta ɗaya ɓangaren zan yi magana don mu mun sayar da gidan mahaifinmu Allah ya jiƙansa, kuma har yau in na tuna raina yana sosuwa. Wanda ya saya ya bada fiye da rabi a ƙarshen 2023 yace nan da wata biyu zai cika, yayunmu maza suka yarda da baki saboda ance mutumin kirki ne abokin wane ne, babu ranar da aka rubuta. Wata biyu ya zama yau gobe, yau kaya basu iso ba gobe ana binsa bashi, kuma duk kun san abin da ya faru a farkon 2024, dala ta haura 1,500 buhun siminti ya wuce dubu 10, lokacin da cikon ya shigo hannunmu filin da nake kallo zan saya da kasona ya kusa ninkawa, ƙanwata da take son yin ɗaki biyu ta fita daga haya ko rabin bulo kuɗinta bai kai ba. Shi kuwa gidansa yana nan yana ƙara daraja. Don haka Alhaji in kaji magada sun ƙi wa'adi ba mugunta bace, sun ga irin tamu ne. In lokaci kake so ka gajarta shi ko ka ƙara musu wani abu a kan farashin saboda jiran, wannan shine adalci.

Na biyu dan Allah ka nemi matan gidan. Ni kawai takarda aka aiko min da ita gidan mijina wai in sa hannu an gama ciniki, ban san nawa aka fara sawa ba ban san wa ya taya ba, na sa don kar ace ni ce mai raba kan 'yan uwa amma zuciyata bata so ba, kuma na san mata da yawa da suka ƙi sawa aka kwashi shekaru a kotu, mai saye yana zaune da kuɗinsa a maƙale. Kace kana so kowace ta ji farashin da kunnenta ko ta waya ne, ka je ka gaida mahaifiyarsu in tana raye ka ji ta bakinta, wlh wannan gaisuwar sai ta sauko maka da farashi fiye da duk wani jan ciniki, don tsohuwa in ta ce a ba wa yaron nan mai iyali ne, an gama.

Sannan Baba kayi haƙuri, maganar lissafa aibin gida gaskiya ce amma a san yadda za'a faɗa. Wani da yazo ganin namu a tsakar gida ya tsaya yana dukan bango da mukullin mota yana cewa ai wannan rushewa za'ai ƙasar kawai zan saya, alhali Babanmu da hannunsa ya dinga ɗora bulon nan ɗaki ɗaya bayan ɗaya daga albashinsa, ga bishiyar darbejiyar da yake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta tana tsaye. Yayanmu yace masa ko nawa zai bayar ba za'a sayar masa ba, kuma tayinsa ya fi na wanda aka sallama wa. Ka bar magini ya rubuta maka a takarda, a wurin zama ka miƙa cikin mutunci.

Ɗalibi_Gwale

Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan ƙara ɓangaren shari'a a kan abubuwa kaɗan da suka fito a maganar nan. Kafin alƙalamin da ake sharɗanta cewa in mai saye ya fasa kuɗin ya zama na mai sayarwa, shi malamai suke kira urbun, a mazhabar Malikiyya da muke kai bai halatta ba saboda cin dukiyar mutum ne ba tare da ya karɓi komai ba, Hanbaliyya ne suka halatta shi. Amma in an bayar a kan cewa in ciniki ya tabbata yana cikin kuɗi in bai tabbata ba a mayar, babu laifi, kaga tsarin da Barista ya kawo ya dace da wannan.

Ƙirƙirar mai taya na ƙarya don a tunzura mai saye ya ƙara kuɗi shine najashu, Annabi SAW ya hana. Haka kuma in da gaske akwai wanda suka riga suka daidaita da shi suka karkata gare shi, kai ma bai halatta ka shiga ka yi ciniki a kan cinikinsa ba, amma in taya kawai yayi aka ce albarka ƙofa a buɗe take.

Akwai kuma shufu'a wadda mutane da yawa basu sani ba sai ta same su. In gida na tarayya ne ba'a raba ba, wani daga cikin masu shi ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin su biya abin da baren ya biya su karɓe, kuma a Malikiyya wanda yake nan ya sani haƙƙinsa yana kaiwa wajen shekara. Abokin tarayya ne yake da ita a wurinmu ba maƙwabci ba. Don haka in aka ce maka ai mutum biyu ne kawai basu yarda ba ka sayi na sauran, kar ka shiga.

Sayarwa da ajali halal ce, har da ƙara kuɗi saboda ajalin in dai tun a wurin ƙulla ciniki aka tsaya a kan farashi ɗaya da rana sananniya, kamar yadda Hajiya Maman Ilham ta nema. Wanda bai halatta ba shine bayan an ƙulla ace in ka makara duk wata za'a ƙara maka kaza, wannan riba ce, wato kuɗin ruwa. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka kar kunya ta hana a rubuta ko da da ɗan uwa ne. Su ma masu sayarwa wajibi ne su bayyana aibin da suka sani, in ruwa yana shiga su faɗa.

Abu_Hanan

Ngd sosai Allah ya bar zumunci. Na matsa sai da dillalin ya haɗa ni da babban yayan, mun zauna a soron gidan mahaifiyarsu bayan la'asar har na shiga na gaishe ta kamar yadda Hajiya tace. Ashe su 29 suka sa tun farko, kuma mafi yawan tayin da suka samu 26 ne daga wani da yake so ya biya cikin shekara shi yasa suka ƙi. Magini ya ƙiyasta gyaran kwano da sokawe da gindin bangon baya wajen miliyan 2. Na taya 25 yace albarka, ya sauko 28, muka tsaya a nan zai yi shawara da 'yan uwa, kuma ɗaya daga cikin ƙannen yana son ganin filin Janguza. 'Yan hayan ciki saura musu wata 3, mai shago wata 10, shi dama bana son ya tashi.

Sabuwar matsalar, ba'a je kotu ba, akwai 'yar uwarsu ɗaya tana aure a Jidda, sannan amaryar mamacin tana da yara biyu ƙanana ko firamare basu gama ba, ta koma gidansu da su. Yayan yace shi zai sa hannu a madadin duk su ukun. Shi kuma dillali duk da abin da ya faru yana nan a kan sai na bashi kashi 5 ni kaɗai. Barista, Baba, ya kuka gani?

Barista_Kn

A'a Alhaji, wannan sa hannun bazai ɗauke ka ba. Ta Jidda mai sauƙi ce, ta rubuto takardar wakilci da sunan wanda ta wakilta da bayanin gidan da farashin, in so samu ne a buga mata hatimi a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke can, sannan ku yi kiran bidiyo a gaban shaidu ta faɗa da bakinta. Yaran kuwa marayu ne, kasonsu ba ya saiduwa da sa hannun ɗan uba, a kai maganar kotun shari'a alƙali ya tabbatar da magada da kason kowa ya bada izinin sayarwa ya faɗi hannun da za'a sa kuɗin yaran, ita ma amaryar tana da nata a cikin tumunin takaba dole a kira ta. Ka mayar da wannan sharaɗi a cikin tayinka, kace ka yarda da kaza in an kawo takardar kotu, ko da kai za ka ɗauki kuɗin zirga-zirgar. Lokacin da za'a ɗauka a kotun ma riba ce gare ka, a ciki za ka nemi mai sayen filinka.

Baba_Dillali

Hajiya kin yi gaskiya na karɓa. Alhaji tunda ya sauko 28 daga tayin 25 to tsakanin 26 da rabi zuwa 27 gidan zai faɗa, ka ƙara rabin miliyan ka tsaya ka bari maganar fili ta nuna, in ƙanin ya karɓe shi a 7 kaga da 21 ɗinka ka rufe babu wa'adi babu bashi har da ragowar fara gyara, kuma da wannan za ka roƙi a bar maka a 26 da rabi tunda biya ɗaya ne. Amma filin a ƙiyasta shi a gaban duk magada a rubuta, kar gobe ace an fifita wani. Dillali kuma kar ka hana shi haƙƙinsa, shi ya nuna maka gidan, sai dai la'ada a kan kuɗin da aka sallama ake lissafa ta ba a kan 32 ɗinsa ba, kuma ka kira shi gaban yayan a yanke ko rabi kai rabi su ko wani dunƙulallen kuɗi, a sa a cikin takardar, a bashi ranar da aka miƙa mukulli ba kafin nan ba. In akwai wasu dillalan a bayansa shi zai sallame su daga ciki, wannan ma a faɗa a wurin kowa yana ji.